Gidan tarihin al'adunmu ya lalace, kuɗin gyara kaɗan ne: me za a fara taɓawa?

Malam_Sabitu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa aiki a gidan adana kayan tarihi ko a harkar yawon buɗe ido.

An saka ni a kwamitin da zai farfaɗo da wani ɗan gidan tarihi na al'adun gargajiya. Ba babba ba ne: zaure, ɗakunan baje koli uku, da sito ɗaya a baya. Dattawa ne suka tara kayan tun da daɗewa, irin su masaƙa, kayan noma, tukwane, kayan kiɗa, tufafi da kwanduna. Ya fi shekara goma a rufe. Ɗaki biyu suna yoyo, gara ta shiga siton, dattijon da yake kula da wurin kuma ya tsufa ya koma gida.

Yanzu an ba mu tallafi, da sharaɗin gidan ya jawo 'yan yawon buɗe ido zuwa yankin. Kuɗin ba zai ishi komai da komai ba. Shugabanmu yana so a gina sabuwar ƙofa ta gani ta faɗa, a yi fenti, a kafa allo a bakin titi, a buɗe shagon tsaraba, a gayyato manya bikin buɗewa. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da hujja a hannu. Malamin makaranta ne ni, ba aikina ba ne. Daga ina ake farawa? Kuma tsakani da Allah, irin wannan gida yana kawo baƙi kuwa?

Magini77
Wa alaikumus salam. Rufi, Malam. Rufi, indararo, sannan hanyar da ruwa zai bi ya bar gindin bango. Ginin da yake shan ruwa daga sama, duk fentin da ka shafa masa damina ɗaya zai yi ya kwaɓe. Kuma don Allah in ginin ƙasa ne ko na dutse da farar ƙasa, kada ku bari kowa ya yaɓe shi da siminti. Tsohon bango yana shan danshi yana fitarwa. Siminti yana kulle danshin a ciki, daga waje ka ga abu sumul, ciki kuwa ya zama gari. Na sha rushe irin wannan gyaran gangar auzinawa.

Bilkisu_Adana
Na yarda da Magini77, amma akwai abin da yake gaban rufin da kwana biyu. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin kula da kayan tarihi, kuma asarar da ta fi ba ni takaici ba ruwa ne ya yi ta ba, leburori ne. Za a fara aiki, a ce a kwashe kaya a kai wani wuri, a loda su a mota kamar itace. Takardar da ke ɗaure a jikin kowane abu ta faɗi, ko ta koma jikin wani. In an gama ginin sai ka tarar kana da tukwane arba'in, ba ka san wa ya gina su ba, daga ina suka zo, me ake yi da su. A wurinmu masu wannan aiki, rabuwar kaya da bayaninsa ana lissafa shi cikin manyan abubuwan da ke lalata kayan tarihi, sahu ɗaya da gobara da ƙwari da ruwa.

Don haka kafin a ɗaga ko cokali: kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa a inda yake, a auna shi, a rubuta da me aka yi shi da halin da yake ciki. Wayar hannu da littafin rajista sun isa a fara. Sannan wannan dattijon da ka ce ya koma gida, shi ne rabin gidan tarihin naku. Ku je ku zauna da shi, ku nuna masa hotuna ɗaya bayan ɗaya, ku naɗi muryarsa. Rufi zai jira mako biyu in an shimfiɗa tamfol. Shi kuwa ba mu san kwanansa ba.

ƊanKasuwa_Auwal
Ni fa ina bayan shugaban kwamiti. Ku yi haƙuri. Wanda ya ba da kuɗi baƙi ya ce yana son gani, ba littafin rajista ba. In shekara ta zagayo ba a ga kowa ba, ba za a sake ba ku ko sisi ba. Mutum da ido yake fara saye. Ku dubi Bilbao a ƙasar Sifen: birnin masana'antu ne da ya durƙushe, aka gina gidan tarihi na Guggenheim a 1997, yanzu duniya ce take tururuwa can. Ginin ne ya jawo su.

Dr_Hamisu
Auwal, Bilbao ba sa'ar gidan Malam Sabitu ba ce. Can gwamnatin yankin ce ta zuba maƙudan kuɗi, ta gyara bakin kogi, ta shimfiɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta sabunta filin jirgin sama, gidan tarihin ɗaya ne cikin ayyuka da yawa. Garuruwa da dama sun kwaikwaya sun kwana ciki.

Misalin da ya fi kusa da zancenmu yana Paris. A 1937 Georges Henri Rivière ya kafa gidan tarihin sana'o'i da al'adun gargajiyar Faransa. A 1972 aka mayar da shi sabon gini na zamani a gefen dajin Boulogne, kayansa kuma ba su da na biyu a ƙasar. Amma masu ziyara suka yi ta raguwa har aka rufe shi a 2005. Kayan aka kwashe zuwa Marseille, inda aka buɗe wani sabon gida a 2013. Wannan fa a birnin da yake cikin waɗanda suka fi karɓar baƙi a duniya. Ke nan sabon gini bai hana shi mutuwa ba.

ƊanKasuwa_Auwal
To ai Dokta ka ba ni hujja ne ba ka sani ba. Ka ce kayansu ba su da na biyu, an adana su tsaf, an rubuta komai, amma aka rufe don ba masu zuwa. Ashe rajista ma ba ta hana mutuwa.

Dr_Hamisu
Ka kama ni a nan, ban musa ba. Amma lura: da gidan ya mutu, kayan sun rayu, domin an san kowanne. Shi ya sa aka iya buɗe wani gida da su. Da gara ce ta cinye su fa?

Sarkin_Zolaya
A yi ƙofa mai kyau, baƙo ya shiga ya gaisa da gara ya fito. Ita ma ai tsohuwar ma'aikaciya ce, shekara goma tana bakin aiki ba albashi.

Maman_Hanifa
Ni ba masaniya ba ce, mai ziyara ce kawai, bari in faɗi abin da ya same mu. Mun taɓa yin tafiyar awa uku da yara huɗu don mu ga wani gida irin wannan. A intanet an rubuta yana buɗe. Muka isa muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Sai da aka yi ta aike aka samo mai makulli. Ya buɗe, ba wuta, ya haska mana da fitilar waya. Duk abin da yarana suka tambaya sai ya ce "na mutanen da ne". Ƙaramar ta ce fitsari, babu banɗaki. Cikin minti ashirin muka fito.

Wallahi kayan ciki masu kyau ne. Amma na faɗa wa ƙawayena kada su wahalar da kansu. Malam Sabitu, abin da uwa take tambaya kafin ta ɗebo yara shi ne: za a buɗe a lokacin da aka ce? Akwai banɗaki mai tsabta da ruwa? Akwai inuwar zama? Akwai wanda zai yi bayani da daɗi? Ƙofar gidan ma ban tuna kamarta ba.

Malam_Sabitu
Hajiya, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Banɗaki babu shi ma a lissafin da aka kawo.

Alhaji_Tanko
Ni ƙorafi ne da ni, kuma ina so kwamitinku ya ji, ko da ba ku ne kuka yi mini ba. Mahaifina masaƙi ne. Da ya rasu aka zo aka roƙe mu masaƙarsa, aka ce za a ajiye don 'yan baya. Muka bayar da zuciya ɗaya, ba takarda ba komai. Bayan shekaru na kai jikokina su gani, sai na tarar da ita a jingine a bayan ɗaki, ruwa ya ci ƙafafunta, ƙoshiyar ta ɓata, babu ko sunansa a jiki. Na ce a ba ni abina, aka ce ai ta zama ta hukuma. Har yau abin yana raina.

In kuna so mutane su sake ba ku amanarsu, ku fara da neman iyalan da suka ba da kayan nan. Wasu za su ce a mayar musu. Ku saurare su.

Bilkisu_Adana
Allah ya ji ƙan mahaifinka, Baba. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne. A ƙa'ida, duk abin da ya shigo gidan tarihi dole a san ko kyauta ne ko aro, a rubuta, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Malam Sabitu, wannan ma dalili ne na zuwa wurin dattijonku da wuri, shi kaɗai zai iya tuna wa ya kawo me.

Bari in ƙara kan gara da asu, tunda na ga an ambata. Kada ku saye maganin feshi ku bi kayan da shi. Yana ɓata rini, yana cin fata, yana kuma zama a jikin kaya ya cutar da mai taɓawa. Gara daga ƙasa take zuwa, a ƙasa da gindin gini ake yaƙarta, kaya kuma a ɗaga su kan kanta, nesa da bango. Tufafi da kwanduna masu ƙwari, ana saka su a leda a matse iska a ɗaure, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar su su huce a cikin ledar kafin a buɗe. Wani gargaɗi: a da can gidajen tarihi da yawa sun riƙa barbaɗa guba irin su arsenik da DDT a kan kaya. In kun ga farin gari a jikin tsohuwar fata ko gashin tsuntsu, safar hannu da takunkumi kafin a taɓa.

Injiniya_Nura
Yaya Bilkisu, firizar nan fa sai inda wuta take tsayawa. In ta ɗauke kwana biyu a tsakiya, aikin ya ɓaci. Akwai hanyar zafi: ƙwari da ƙwayayensu suna mutuwa in zafi ya kai wajen digiri 55 ya ɗauki awoyi. Ana naɗe kaya a ƙyalle, a rufe a baƙar leda, a ajiye a rana. Kuma ban ji kin ce ba kowane abu ake sa wa sanyi ba. Ganga mai ɗaurarriyar fata tana iya tsagewa.

Bilkisu_Adana
Gaskiyarka, na gode da gyara. Ganga, kayan da aka yi wa fenti, da masu kakin zuma ko danƙo, ba sanyi ba zafi, sai a nemi gwani. Kuma tunda ka kawo zancen wuta: kada kwamiti ya sayi na'urar sanyaya ɗaki yana ganin gata ya yi wa kayan. A kunna da safe a kashe da yamma, itace yana kumbura yana motsewa kullum har ya tsage. Ɗaki mai kauri da iska ke ratsawa, wanda yanayinsa ba ya tsalle, ya fi. Abin tsoro shi ne danshi ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ya daɗe a haka, nan fumfuna take tsirowa. Tufafi kuma haske kaɗan suke so, rana kada ta taɓa su ko ta taga, don launin da ya koɗe ba ya dawowa.

Zainab_Jagora
Duk kun yi maganar yadda za a hana kaya lalacewa, ba wanda ya amsa tambayar Malam ta biyu. Ni aikina kai baƙi wurare. Garma a cikin gilashi ba ta riƙe mutum minti ɗaya. Amma a ce ga maƙeri yana zuga wuta, ga mace tana kaɗi, a miƙa wa baƙo mazari a ce gwada, to sai ka ja shi da ƙyar. Wannan dabarar ce ta raya Skansen a Stockholm, wanda Artur Hazelius ya buɗe a 1891, gidan tarihi na fili na farko a duniya. Ya ga masana'antu suna haɗiye rayuwar ƙauye, sai ya riƙa sayen tsofaffin gidaje daga sassan Suwidin, a warware su a kawo a sake haɗawa, a sa mutane a ciki suna sana'a. Yau gine-ginen sun kai wajen 150, kuma har gobe cike yake.

Dr_Hamisu
Ƙaramin gyara, Malama Zainab. Skansen ne ya yi suna har ake kiran irin waɗannan gidaje da sunansa a wasu ƙasashen Turai, amma Sarki Oscar na biyu na Suwidin da Norway ya riga shi: tun 1881 aka fara tara masa tsofaffin gine-ginen katako a kusa da Oslo. Sauran maganarki ba ni da ja.

Usman_MaiTambaya
Ni wannan abin na sa mutane su yi sana'a don baƙi su kalla yana damuna. Ka ɗauko dattijo ka sa masa tsofaffin kaya, ka ce ya ɓoye wayarsa da agogonsa, ya zauna ana ɗaukarsa hoto kamar wani abin kallo. Wannan adana al'ada ne ko wasan kwaikwayo? Kuma kullum talauci ake nunawa a matsayin "asali". Su masu kallon a mota suka zo.

Zainab_Jagora
Na taɓa ganin irin wanda kake faɗa, kuma na ji kunya. Bambancin yana wurin waye mai iko da wurin. In maƙerin yana ƙera abin da zai sayar, kuɗin yana shiga aljihunsa, yana da yaran da yake koya wa, shi yake yanke abin da zai faɗa da wanda zai riƙe, to maƙera ce ta gaske da aka ba rumfa. In albashin zama ake ba shi ya buga ƙarfe ɗaya tun safe, wannan kam wasa ne. Kuma ba wanda ya ce ya ɓoye waya.

Hauwa_Dalibar_Tarihi
Kan maganar Yaya Usman cewa kullum tsohon talauci ake nunawa: akwai gidajen da suka gane wannan. A St Fagans da ke yankin Wales na Birtaniya, wanda aka buɗe a 1948, akwai jerin gidajen ma'aikatan ƙarfe guda shida a manne da juna. Kowanne an shirya shi da kayan wani zamani daban, na farko 1805, na ƙarshe 1985. Kana tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa kana ganin yadda fitila ta koma lantarki, yadda talabijin ya shigo. A Den Gamle By na birnin Aarhus a Denmak ma sun gina unguwa guda ta shekarar 1974. Mutane sun fi daɗewa a wurin abin da suka gani a ɗakin kakarsu. Don haka Malam Sabitu, tsohuwar rediyo da keken ɗinki da fitilar ƙwai ma kayan tarihi ne. Kuma su ne za a ba ku kyauta a yau, nan da shekara ashirin a neme su a rasa.

Sarkin_Zolaya
In haka ne a zo a ɗauki babur ɗina. Ya cika duk sharuɗɗa, har da rashin motsi.

Magini77
Mun yi nisa da ginin. Malam Sabitu, tambaya: masu iya irin ginin nan na asali suna nan da rai? Domin in babu mai iya gyara shi bayan kun tafi, kun gyara na shekara biyar ne kawai. Babban masallacin Jenne a Mali, ginin da ake gani yanzu na 1907 ne, na ƙasa ne, kuma yana tsaye ne don duk shekara mutanen gari suna fitowa su yaɓe shi. Ranar yaɓen ma ta zama abin da baƙi suke zuwa kallo. Ku sa a yarjejeniyar aikin cewa duk babban magini zai ɗauki yara biyu ko uku ya koya musu a kan aikin.

Dr_Hamisu
Wannan batu ya daɗe ana muhawara a kansa. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi ta fi karkata ga a riƙe ainihin kayan ginin, a taɓa kaɗan, sabon da aka ƙara kuma a iya bambanta shi da tsoho. Wannan ya dace da dutse. Amma jinka da ƙasa da katako ba sa shekara ɗari biyar. Japanawa suna sake gina wurin bautarsu na Ise duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, da gangan don ilimin ginin ya wuce daga hannu zuwa hannu. Irin wannan ne ya sa a taron masana da aka yi a birnin Nara na Japan a 1994 aka amince cewa sahihanci ba a tsohon katako kaɗai yake ba, har da fasaha da amfani da ma'anar wuri a wajen masu shi. Kaburburan sarakunan Buganda na Kasubi a Yuganda sun ƙone a Maris 2010. An sake gina babban ɗakin da ciyawa da itace, kuma sai a 2023 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta cire wurin daga jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Abin da ya sa ya yiwu shi ne akwai sauran masu iya jinkar.

Injiniya_Nura
Tunda an ambaci gobara. Wayoyin lantarkin gidan da ya shekara goma a rufe, ɓera ya gama da su. A cire su gaba ɗaya a sa sababbi, kada a yi ƙari a kan tsoho. Gidan tarihin ƙasa na Barazil da ke Rio ya ƙone a daren 2 ga Satumba 2018, yana ɗauke da kaya wajen miliyan 20, kuma bincike ya nuna daga na'urar sanyaya ɗaki wutar ta tashi. Cikin abin da ya tafi har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar. Don haka hotuna da muryar dattijon da Yaya Bilkisu ta ce a ɗauka, kada a ajiye su a kwamfuta ɗaya a cikin gidan. Kwafi uku, wurare daban-daban.

ƊanKasuwa_Auwal
Rufi, rajista, banɗaki, wayar lantarki, koyar da yara, firiza. Malam ya ce kuɗin kaɗan ne fa. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai biya albashin mai buɗe ƙofa a shekara ta biyu.

Hajiya_Rabi_Akanta
Wannan tambayar ta Auwal ita ce ta gaskiya, kuma na ji daɗi da ya dage. Na yi wa ƙungiyoyi masu zaman kansu lissafi shekaru da yawa. Masu ba da tallafi suna son abin da za a ɗauka hoto, ba sa son biyan albashi da sabulun wanke banɗaki. Kuɗin tikiti kuma da wuya ya riƙe gidan tarihi, ko a ƙasashe masu arziki sai an haɗa da gwamnati ko masu taimako. To ku zauna ku rubuta abin da gidan zai ci a wata in an buɗe, ku ga wa zai ɗauka, a rubuce, kafin a sayi bulo ɗaya. In abin da za ku iya riƙewa ɗaki ɗaya ne kwana uku a mako, ku buɗe ɗaki ɗaya kwana uku, amma ranar da aka ce a buɗe, a buɗe.

Sannan ku gane inda ribar take. Ba a ƙofar gidan take ba. Tana wurin mai masauki, mai abinci, direba, mai sana'ar hannu. Baƙon da ya tsaya awa ɗaya ya wuce bai bar komai ba, wanda ya kwana shi ne ya bar kuɗi. Gida mai ɗaki uku ba zai kwanar da kowa ba shi kaɗai. Sai an ɗaura shi da wasu wurare biyu ko uku na yankin, a ce ga abin da za ka gani yau, ga na gobe. Waɗanda za su ci ribar nan kuwa, su ya kamata a fara zama da su kan albashin mai makulli.

Zainab_Jagora
Haka ne Hajiya. Ni ba na saka wuri a jerin tafiyata sai in akwai lambar waya da ake ɗauka, da tabbacin lokaci. Kuma kada ku zauna jiran Turawa. A 2020 da annobar korona ta zo, UNESCO ta ce kusan kashi 90 cikin ɗari na gidajen tarihin duniya sun rufe na wani lokaci, kuma waɗanda suka dogara da baƙin ƙetare su suka fi jin jiki. Baƙonku na farko ɗan makaranta ne, sai ɗan yankin da yake aiki a birni ya dawo hutu da 'ya'yansa yana so ya nuna musu inda ya fito. Malam Sabitu, kai da kake malami, makarantu nawa ne a yankinku? Ka lissafa ajujuwa, kowanne ya zo sau ɗaya a shekara.

Usman_MaiTambaya
Yaran makaranta ba su da kuɗi. Mai tallafi zai yarda a kira su 'yan yawon buɗe ido?

Hajiya_Rabi_Akanta
Ya danganta da abin da aka rubuta a takardar tallafin. Malam ya karanta ta da kyau. Sau da yawa "masu ziyara" ake cewa, kuma a kan iya komawa a nemi a sauya yadda za a kashe kuɗi in an kawo dalili. Sun fi ƙin a ɓoye musu.

Malam_Sabitu
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je wurin dattijon da hotuna goma sha biyu da na ɗauka ta taga. Idonsa ya yi rauni, sai da na ƙara girman hoton, amma bakwai daga ciki ya faɗi mai su da sunan kakansu. Wani abu da muke ce wa kayan kiɗa ashe na kiran dabbobi ne. Mun yi awa biyu, 'yarsa ce ta ce ya gaji.

Abin da zan kai wa kwamiti ranar Asabar: rajista da naɗar murya yanzu, rufi da wayar lantarki da banɗaki da kuɗin tallafi, ɗaki ɗaya a buɗe tukuna, allo a bakin titi amma ƙarami. Sabuwar ƙofa a jinkirta. Matsalata shugaba ya riga ya nuna wa mutane zanen ƙofar, zai ga kamar na kunyata shi.

Alhaji_Tanko
Kada ka faɗa masa a gaban jama'a, ɗana. Ka same shi a gida kafin Asabar, ka kunna masa muryar dattijon nan. Ka bar shi shi ya kawo shawarar a taron da bakinsa.

ƊanKasuwa_Auwal
Na sassauto kan ƙofa, amma ban sauka kan shago ba. Ko tebur ɗaya ne a zaure, a sa kayan masu sana'ar yankin, ba tarkacen da aka sayo daga waje ba. Baƙo yana so ya koma da wani abu a hannu. Kuma allon nan kada ya yi ƙanƙanta har mai mota ya wuce bai gani ba.

Bilkisu_Adana
Tebur a zaure ba laifi, muddin sabon saƙa da sabon kwando ba su shiga ɗakin tsofaffin kaya ba, don da su ƙwari suke shigowa. Malam, da za ka koma wurin dattijon, ka tambaye shi ko akwai wani tsohon littafi da ake rubuta kaya a ciki lokacin da aka buɗe gidan. Irin waɗannan littattafai sau da yawa a gidan mai kula ake samunsu, ba a ofis ba.

Magini77
Tamfol ɗin fa? Hadari ba ya jiran taron Asabar.

Malam_Sabitu
An aro guda biyu, gobe da safe za mu hau. Malama Bilkisu, na kira 'yarsa, ta ce akwai wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa da ba ya bari a taɓa. Za ta tambaye shi in ya tashi daga barci.